Ƙofar Gidan da Na Gina Sau Biyu

Waɗanda suka bi ta layinmu a nan Dilimi a watannin baya sun ga birkiloli suna fasa ginshiƙan ƙofar gidanmu, ƙofar da ba ta cika shekara huɗu da ginawa ba. Wasu sun tsaya sun tambaye ni dalili, wasu sun yi dariya sun wuce. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Sakatare, kuɗi ne suka yi maka yawa?" Kuɗi ba su yi mini yawa ba. Kuskure na tafka, na kuma biya kuɗinsa, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan ko wani zai tsira da nasa.

Gidan namu na gado ne. Kakanmu ya zo Jos zamanin haƙar kuza, lokacin da kaya a ka ko a bayan jaki ake ɗauka, kuma da wannan lissafin aka yanka yawancin lungunan Dilimi da Gangare. Bayan rasuwar mahaifinmu muka yi shawarar rushe tsohon ginin mu sabunta shi. Da yake ni ne babba, ni aka damƙa wa aikin. A lokacin 'yar Corolla ce da ni, faɗinta bai kai ƙafa 6 ba. Da magini ya tambaye ni faɗin get, na ce ƙafa 10 ta isa har da saura. Mai walda ya ce, "Yallaɓai, da ka ƙara ko da ƙafa biyu ne." A raina na ce so yake ya ƙara cin kuɗin ƙarfe. Na kuma sa aka zuba wani rufin kankare a saman ƙofar don ado, tsayinsa ƙafa 8 daga ƙasa. Ramin sokawe kuwa aka haƙa shi dab da bayan get, saboda nan ya fi kusa da kwata.

Ƙanina direba ne. Ya fi shekara goma yana jan motar mutane, yana ɗaukar kabeji da karas da dankalin turawa daga Farin Gada zuwa Kudu. Bara muka haɗa kuɗi, har da kason ƙannenmu mata da ɗan abin da Hajiya ta ajiye, muka saya masa Kanta ta hannu. Ran da motar ta iso, yara sun cika layi. Na fito da tef na auna bodinta, ƙafa 7. Na ce, "To, ga ƙafa uku nan saura, shigo da ita." Sai ƙanina ya nuna mini sama. Kejin ƙarfen da ke bayan motar ya haura ƙafa 9. Washegari muka fasa rufin adon, na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe yanzu aka fara. Ya karyo kan motar, gaba ya shiga lafiya, sai tayar baya ta nufi ginshiƙin hagu kai tsaye. Ya yi ribas ya buɗe kwanar, sai bayan motar ya kusa kwashe dakalin maƙwabcinmu na tsallake. Mun fi awa ɗaya, wannan na cewa "taho", wancan na cewa "tsaya", har aka fasa madubi ɗaya aka goge fenti. Daga ƙarshe ya kashe motar ya sauko ya ce, "Yaya, wannan motar ba za ta shiga gidan nan ba."

Wata biyar motar tana kwana a bakin babban titi. Muna biyan maigadi, amma duk da haka sau biyu aka cire batir, sau ɗaya aka zuƙe man dizal. Ƙanina ya koma kwana a cikin motar, kuma kun san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne jarin na marayu ne da na tsohuwa. Wata rana a zaman gida ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, ai kai ne mai karatun cikinmu." Ba ta ƙara komai ba. Ban yi barcin kirki ba a daren.

Wanda ya warware mana matsalar wani tsohon direban tirela ne da muke sallah a masallaci ɗaya. Ya zo ya dubi ƙofar, ya dubi layin, ya ce, "Ɗana, faɗin motar ka auna, amma mota da tsawonta take shiga gida." Ya yi mini bayani. Idan mota ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ta ciki suke yankowa. Duk yadda tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ta ƙaru, haka yankowar take ƙaruwa. Sannan abin da ya rage na bodi a bayan tayar baya yana fita ne ta ɗaya ɓangaren, shi ne ya kusa kwashe dakalin maƙwabci. Wato motar da faɗinta ƙafa 7 ne a tsaye, a cikin kwana tana share fili da ya fi haka nesa. Ƙofa mai ƙafa 10 za ta ishe ta da a ce miƙe take tahowa. Amma daga layi mai ƙafa 15 take karyowa, ga tsawonta ƙafa 22. Iya ƙuncin layi, iya faɗin da ƙofa take buƙata.

Na tambaye shi, "To Baba, ƙafa nawa zan yi?" Ya ce kada in sake yin lissafi a kai, mu je mu tambayi motar. Ranar Asabar muka kai ta wani filin ƙwallo. Muka ja layi biyu da toka, tazararsu daidai faɗin layinmu, muka cire faɗin kwata tunda taya ba ta hawa kanta. Muka ajiye jarka biyu a matsayin ginshiƙan ƙofa. Ya sa aka watsa wa tayoyin ruwa don sawunsu ya fito a ƙasa. Ƙanina ya riƙa shiga, muna matsar da jarkokin, har sai da ya wuce a tashi ɗaya da sarari kamar ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe, da madubai a buɗe. Muka gwada ta gaba, muka gwada da ribas, muka gwada daga dama da daga hagu. Abin da ya fito shi ne ƙafa 14, da sharaɗin a janye get ɗin ciki da ƙafa 6, a kuma yanke kusurwar katanga ta kowane gefe a karkace, bakin ya buɗe kamar mazurari. Wannan yankan kusurwar ya fi ƙarin faɗin amfani, domin daidai wurin da tayar baya take yankowa aka ba ta. Gwajin bai ci mana komai ba sai man mota da rabin yini. Da na yi shi tun farko, da ban gina ƙofa sau biyu ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Da muka zo gyara, sai wasu abubuwan suka ɓullo, kuma su ne nake so mai shirin gini ya riƙe. Na farko nauyi. Daɓen kankare mai kaurin inci 4 yana ɗaukar ƙaramar mota, amma inda babbar mota za ta taka ana so ya kai inci 6, da rodi a ciki, a kan ƙasar da aka daddaɓe sosai. Ko ba ka da babbar mota, wata rana tankar ruwa ko tifar yashi za ta zo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanka mai lita 10,000 tana ɗauke da tan 10 na ruwa, ban da nauyin ita kanta motar. Sokawen da na haƙa a bayan get yana daidai inda tayar baya take tsayawa. Dole muka cike shi muka haƙa wani a gefe, kuma wannan ne ya fi cin kuɗi a duk aikin. Murfin kwata na bakin ƙofa shi ma sai da aka sake zuba shi da rodi, aka bar ramin a buɗe yadda ruwan damina zai wuce. Wanda ya ga ambaliyar watan Yuli na 2012 a Gangare da Rikkos ba sai an roƙe shi kada ya toshe kwata ba. Kankare kuma ba ya son gaggawa: a yi ta ba shi ruwa a makon farko, kuma sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Mun haƙura motar ta ƙara wata guda a waje.

Na biyu tudu. Da yawanmu muna ɗaga daɓen gida sama da layi saboda ruwa, sai a yi ɗan gajeren hawa mai tsini a bakin ƙofa. Doguwar mota ko dai cikinta ya daki tsinin, ko bayanta ya goge ƙasa. A ja hawan ya yi tsawo ya kwanta. Na uku sama. Ko bas ɗin nan da muke kira Homa, mai dogon rufi, tsayinta ya kai ƙafa 7 da rabi ba tare da kaya a kai ba. A dubi lintal, a dubi wayar wuta da ta ratsa bakin ƙofa, a dubi bakin kwanon rufi. Na huɗu ganyen ƙofar: mai buɗewa ciki yana cin filin da motar za ta tsaya. Mu mai turawa gefe muka koma.

Wani ɗan yayarmu da ke karatu a Amurka ya ga hotunan aikin ya ce su ma can haka ake fama. Akwai motocin da ake yi wa ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, iyali su yi tafiya suna kwana a ciki. Manyansu suna kai ƙafa 45 a tsawo, faɗi ƙafa 8 da rabi, kamar dai bas ɗin lagzuriyos. Mai hankali a cikinsu hanyar shiga gidansa yake fara aunawa kafin ya biya kuɗin motar. Mu kuwa sai da motar ta tsaya a ƙofa muka nemo tef.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Lokacin da muke auna layin, na ɗauko tsohuwar takardar filin mahaifinmu don in tabbatar da iyaka. Layin ya fi haka faɗi a da. Wannan ya fito da dakali, wancan ya ƙara matakala, wani ya jawo rumfar shago. Ina cikin lissafa laifin mutane sai magini ya ja igiya daga tsohuwar alamar iyaka, ya ce, "Yallaɓai, taka katangar ma ta fito da ƙafa ɗaya." Na tuna ranar. Shi ya tambaye ni, ni na ce ya ɗan matso, ai kowa ya yi. Ni ɗin nan da nake rubuta ƙorafin cin hanya a littafin taron ƙungiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin ya wuce maganar Kantar ƙanina. Faɗin motar 'yan kwana-kwana kusan mita biyu da rabi ne, wato sama da ƙafa 8, kuma ita ma sai ta sha kwana. A Ingila ƙa'idar gini ta tanadi cewa hanyar da motar kashe gobara za ta bi kada ta gaza mita 3.7, ƙofa kuma kada ta gaza mita 3.1. Mu da muka ga yadda wuta ta cinye babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002 mun san abin da gobara take yi cikin 'yan awoyi. A layuka nawa a Dilimi motar za ta iya kaiwa ƙofar gida? Sau nawa muka ɗauko mai naƙuda ko tsoho marar lafiya a hannu har bakin titi, saboda ko keke ba ya iya shigowa?

Na mayar da katangata inda take a takarda. Na yi asarar ƙafa ɗaya da ba tawa ba ce tun asali, na kuma sadaukar da 'yan ƙafafu a bakin ƙofa. Abin mamaki, wannan buɗaɗɗen bakin ya zama wurin da masu keke suke juyawa, kuma idan motoci biyu suka haɗu a layin nan ɗaya take raɓewa. Motar ƙanina tana kwana a gida, shi ma yana kwana a ɗakinsa. Maƙwabcina na tsallake, ba tare da na ce masa komai ba, ya rage dakalinsa da bulo ɗaya.

Shawarata ga mai shirin gini ko gyara: kada ka auna ƙofa da motar da kake da ita yau. Ka auna ta da mafi girman motar da za ta iya zuwa gidanka, ko ta haya ce, ko ta asibiti. Ka nemi direbanta ku gwada a fili da toka da jarka. Ka kai zanenka hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, kafin a zuba harsashi, ka kuma tsaya iya iyakarka ko da duk layin sun fito.

Na roƙi shugaba a sa maganar faɗin layuka a ajandar taronmu na gaba. Ba don a rushe wa kowa gini ba, sai don kowane layi ya san inda yake, mu fara da abin da ake iya janyewa cikin sauƙi, kamar rumfa da tarin bulo da yashin da aka jibge aka manta. Zan zo da tef ɗina, kuma layinmu za a fara aunawa.

Allah ya tsare mu da gobara da ambaliya, ya sa albarka a gidajenmu. Wassalam.

Sakataren ƙungiya