Abin Da Na Gani A Madatsun Ruwa Na Gusau Da Bakolori

Mu mutanen Rawayya ba mu saba da babban ruwa ba. Abin da muka sani shi ne rijiya, da kududdufan da aka haƙa garin yin tubali, da ƙoramun da ke cika su tumbatsa da damina, amma kafin hunturu ya wuce sun koma yashi. Ƙasarmu kuwa ta duwatsu ce. Duk wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau ba zai rasa ganin dutsen Kwatarkwashi ba, wanda aka san shi da mikiya, yana nan zaune kamar an kife baƙar tukunya. Ruwan sama idan ya sauka bisa irin waɗannan duwatsu ba ya tsayawa gaisuwa, sai ya gangaro a guje ya yi tafiyarsa. Saboda haka wanda ke son ya ga ruwa da bazara a wajenmu, sai ya nemi inda aka datse shi.

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na labarin ƙasa ya sa mun zana Kogin Nilu, mun kuma haddace cewa an gama madatsar Kainji a shekarar 1968. Ran nan sai ya ce wanda ya taɓa ganin Bakolori da idonsa ya ɗaga hannu. Cikin dukan ajinmu mutum biyu kaɗai suka ɗaga. Abin ya tsaya mini a rai, don haka da aka ba mu hutu na dinga roƙon Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ke sayo bandar kifi daga can yana kawowa kasuwar Gusau, ya tafi da ni. Inna ta daɗe ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Tun da aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, babu uwar da ke barci sosai idan ɗanta yana kan hanya. A ƙarshe dai ta ce to, amma da sharaɗin kada la'asar ta same mu a hanya.

Muka fara da madatsar Gusau, da yake tana bakin gari. An gina ta ne a kan Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa. Daga nan ake jan ruwa zuwa gidan ruwa, a tace shi, a zuba masa magani, sa'an nan a tura shi cikin famfunan gari. Na ga mata suna wanki, yara suna ninkaya, masu lambu kuma sun jera injunan ban ruwa suna ta ƙara. Kawu ya tsayar da ni ya ba ni labarin ƙarshen watan Satumba na 2006, tun ba a haife ni ba, lokacin da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙofofin sakin ruwa suka ƙi buɗuwa, madatsar ta fashe. Gidaje ɗaruruwa suka rushe, gonaki suka tafi da amfaninsu, Gusau kuma ta shiga wahalar ruwan sha, alhali ruwa ne ya yi ɓarnar. Ya ce a lokacin mai kurar ruwa ya fi mai mota daraja a gari.

Washegari da hantsi muka shiga mota, muka bi ta Bunguɗu da Maru, muka sauka Talatar Mafara. Daga nan muka hau babur zuwa madatsa.

Kai, jama'a, Allah da iko yake! Da muka hau kan ginin na duba, sai na rasa inda ruwa ya ƙare da inda sama ta fara. Tsawon ginin kansa ya fi kilomita 5, ruwan da ya tare kuwa ya shafe fili kamar hekta 8,000. An fara aikin a 1974 aka gama a 1978, wani kamfanin ƙasar Italiya mai suna Impresit ya yi shi. Wani abin mamaki kuma, wai wannan teku guda shi ne dai gulbin nan da na gani jiya a Gusau, wanda a wasu wurare da rani yaro ke ƙetare shi da ƙafa. Iska mai sanyi tana kaɗawa, balbelu sun yi fari fat a bakin gaɓa, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar ɗalibin da aka sa horo. Masunta suna fitowa da kwalekwale, ga tarwaɗa, ga karfasa, ga kurungu. A ƙasan madatsar kuma manyan magudanai sun ɗauki ruwa sun nufi gonaki, inda ake noman shinkafa da tumatir da albasa a lokacin da gonakinmu na Rawayya ba su da komi sai karan dawa. Na so in shiga wanka, Kawu ya hana ni. Ya ce ruwan da ke kwance shi ke ɗauke da tsargiya, kuma daga baya na ga haka a littafinmu na kimiyya, cewa ƙwayar cutar tana girma ne cikin wata 'yar katantanwa, ta fito ta shiga jikin mutum ta fata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a rumfar da Kawu ke cinikin kifi. Akwai wani dattijo a wurin yana gyaran koma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, lalle Allah ya yi muku arziki da wannan ruwa." Ya dube ni ya yi murmushi, ya nuna tsakiyar tafkin da leɓe, ya ce, "Yaro, gonar ubana tana nan ƙarƙashin ruwan ga. Can anka haife ni, can munka rufe kakana." Na rasa abin da zan ce masa.

Shi ya ba ni sauran labarin, Kawu yana cike masa. Da za a tare ruwan, an tashi ƙauyuka da yawa, an kuma karɓi gonaki don a baje su a yi magudanai. Mutane suka yi shekaru ba su yi shuka ba, suna jiran diyya, wasu ba su samu ba, wasu abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba. Da haƙurinsu ya ƙare sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin kuwa har gobe ɗaruruwa suke cewa. Su ma na can gaba, masu noman fadama, ba su tsira ba, domin ambaliyar da ta saba jiƙa musu ƙasa kowace shekara ta ragu, shinkafarsu da kifinsu suka ja baya.

Ni ban ce da ba a gina madatsar ba. Na ci shinkafar Mafara, na kuma ga samari sa'o'in yayana da suka sami abin yi da rani maimakon su tafi cin rani Legas. Amma a ganina bai kamata a koya mana tsawon gini da yawan ruwa kawai ba, a bar mana labarin mutanen da aka tasa. Wasu cikinmu za su zama injiniyoyi, wasu ma'aikatan gona, wasu ma su riƙe mulki, kuma wata rana su za a ba takarda a ce su sa hannu a datse wani gulbi. Wanda ya taɓa zama gaban dattijo irin wannan, ina tsammani zai fara tambayar gonar wa ruwan zai ci. Dattijan da suka ga abin da idonsu kuwa ƙarewa suke yi, domin wanda yake saurayi a 1980 yanzu ya haura sittin.

Don haka ina roƙon iyayenmu da malamanmu su duba mana. Na san Bakolori ta yi nisa a halin da ake ciki, kuma ba zan ce a cika mota da ɗalibai a bi wannan hanya ba sai ranar da Allah ya kawo mana zaman lafiya. Amma madatsar Gusau da gidan ruwa suna cikin gari, Asabar ɗaya ta isa a je a dawo kafin azahar. Mu goma sha bakwai mun riga mun rubuta sunayenmu mun kai wa malamin labarin ƙasa, kowa kuma ya yarda zai biya kuɗin motarsa daga cikin guzurinsa.