Mun je Legas ganin teku, Baba ya tarar babu Bar Beach

1/ Jiya da daddare muka dawo daga Legas, har yanzu akwai yashi cikin takalmina. Kwana huɗu muka yi, ni da Baba da Umma da autarmu. Niyyata in watsa muku hotuna in wuce, amma abin da ya faru rana ta uku ya ƙi barin raina. Zare ne mai tsawo. Mai data ya gyara zama 🧵

2/ Mu 'yan cikin ganuwa ne, Zariya birni, can wajen Ƙofar Kuyambana. A gidanmu ba a san wani abu wai shi tafiya hutu ba. Hutu shi ne ka dawo daga Samaru da jakar wanki, a aike ka kasuwa. Shi ya sa da Umma ta ce za mu Legas, sai da na ce ta maimaita.

3/ Dalilin da aka faɗa mana: 'yar Baffa ta haihu a Agege, za mu suna. Dalilin da ba a faɗa ba, wanda har auta ta sani: Baba da Baffa sun kusa shekara biyu ba sa magana. Uwa ɗaya uba ɗaya fa. Ko ranar Sallah, Umma ce ke kira ta miƙa wayar, a gaisa sama-sama a kashe.

4/ Rigimar a kan gidan gado ce. Da Hajiya kakarmu ta rasu, gidan ya zama na mutum uku: Baba, Baffa da Gwaggo. A rabon shari'a kashi biyar ke nan, maza bibbiyu, Gwaggo ɗaya. Baffa ya ce a sayar a ba kowa nasa. Baba ya ce sai dai bayan ransa.

5/ Gidan ƙasa ne, mai zaure biyu da soron da aka ce kakan Baba ya gina. A cikinsa aka haife mu, a cikinsa muke zaune. Daminar bara katangar gabas ta zube, har yau langa-langa ne a wurin. Ni dai gaskiya tun farko ina bayan Baba. A raina Baffa ɗan Ikko ne da ya manta gida, kuɗi kawai yake hange.

6/ Mun tashi daga Kwangila bayan asuba, sanyi na ratsa ƙashi, hazo ya rufe gari ko gadar ba ka gani sosai. Kowa da rigar sanyi biyu, leɓe duk man kaɗe. Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, aka yi ta gangarawa. Muna wuce Lokoja auta ta fara tuɓe kaya. Kafin Ibadan duk rigunan sanyin sun koma matashin kai 😂

7/ Duk hanya Baba labarin jirgin ƙasa yake ba mu. A 1984 ya fara zuwa Legas, ya hau a tashar Zariya, ya ƙetare Kwara ta gadar Jebba. Yaron wani attajirin goro ne a lokacin. Ya ce goro da layin dogo ne suka tara Hausawa a Agege tun kafin a haife shi. Shi ya ɗauko Baffa daga baya. A 1991, shekarar da aka mayar da babban birni Abuja, shi ya dawo gida. Ƙanen ya zauna.

8/ Kuma kowane labari sai ya ƙare a Bar Beach. Yadda suke zuwa ranar Lahadi, su hau doki, su sayi gyaɗa, su zauna kan yashi har magariba. Akwai hoto a falonmu, su biyu da wando mai faɗin ƙafa, teku a bayansu. Ya ce wa auta, "A daidai wurin nan zan tsayar da ke a ɗauke mu."

9/ Ga laifina. Tun a mota na duba taswira a waya, na ga babu sauran Bar Beach. Na buɗe baki zan faɗa, na kalli yadda fuskarsa ta sake, abin da na daɗe ban gani ba. Sai na mayar da wayar aljihu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

10/ Legas a Disamba: mu da muka baro hunturu, sai ga mu cikin zufa. Iskar kanta da nauyi, kamar an jiƙa bargo an rufa maka. Su kuma 'ya'yan Baffa suna ta cewa "ai yanzu sanyi ake yi". Wane sanyi don Allah? Ku zo Samaru ƙarfe bakwai na safe ku shiga lacca 😭

11/ Agege kuwa ta ba ni mamaki. Ka fito daga lungu ka ji kiran sallah, ga mai shayi, ga mai tsire, ga almajirai, kamar kana Tudun Wada. Ka ƙara taku goma sai Yarbanci da hon ɗin danfo. Suna da Sarkin Hausawansu. Burodin Agege da wake kuma, na yarda, ba zuzutawa ba ce.

12/ 'Ya'yan Baffa a can aka haife su. Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, Hausarsu kuma ta yi wani lanƙwasa. Sa'ana ya ce min, "Kai ne ɗan uwanmu na ƙauye?" Na ce Zazzau ce ƙauye? Ya ce to ai ku ne ba ku san mace da namiji ba a magana. Har Legas tsokanar nan ta biyo mu 😂 Sau ɗaya ya taɓa zuwa Zariya, yana ɗan shekara shida.

13/ Abin da ya fara sanyaya min jiki shi ne gidan Baffa. Ni na ɗauka bene zan gani. Ɗaki biyu ne, a gidan haya mai dogon lungu, banɗaki na kowa da kowa. Su bakwai. Mu maza a shagon maƙwabci muka kwana kan tabarma. Baffa da kansa ya kawo mana fanka, yana ta ba da haƙuri.

14/ Washegari na bi shi Mile 12, inda yake dillancin tumatir da tattasai. Ƙarfe huɗu na dare muka fita. Manyan motoci daga Arewa, kwanduna a jere, wasu daga fadamun yankinmu ma suka fito. Ya ce mota ta kwana biyu a hanya, rabin kaya ya ruɓe, asarar a kansa. Mutum mai shekara kusan sittin, cikin caɓi har idon sawu.

15/ Ranar suna aka yi lafiya. Baba da Baffa suka gaisa kamar surukai. "An zo lafiya?" "Lafiya lau." "Ya hanya?" "Alhamdulillahi." Shi ke nan. Tabarma ɗaya, kowa na kallon gefensa. Umma daga cikin mata tana ta leƙowa.

16/ Rana ta uku Baba ya ce sai Bar Beach. Baffa ya ɗago kai, ya ce, "Yaya, wurin fa…" Baba ya katse shi: "Na san hanya, ba sai an raka ni ba." Baffa ya yi shiru, ya shiga ɗaki ya sako hula, ya biyo mu. Muka zama mu biyu da muka sani muka ƙi faɗa.

17/ Muka hau gadar Third Mainland. Kusan kilomita 12 a kan ruwa, jama'a. A 1990 aka buɗe ta, Baba yana garin. Auta ta maƙale a taga tana ihu ga teku ga teku. Baffa ya ce a'a, wannan tafki ne, tekun na gaba. Umma kuwa carbi kawai take ja har muka sauka.

18/ Titin da ya bi gefen Bar Beach a Victoria Island sunansa Ahmadu Bello Way. Na ce ikon Allah, na baro jami'ar Sardauna na zo titin Sardauna. Direba ya tsaya, ya ce an iso. Baba ya fito, ya duba dama, ya duba hagu. Shinge, ƙofa da masu gadi, dogayen benaye can ciki. Ko ƙarar ruwa babu.

19/ Ga waɗanda ba su sani ba: da can teku kan yi ambaliya ta cinye gaɓar, har ta hau kan titin. Zamanin gwamna Fashola aka fara zuƙo yashi daga ƙasan teku ana cike wurin, aka tura ruwan baya, aka kafa sabon gari a kai. Shi ne Eko Atlantic. Inda Baba ya hau doki yanzu fili ne na masu hannu da shuni.

20/ Sun kuma gina wata doguwar katanga ta duwatsu da kankare don tare igiyar ruwa, suna kiranta babbar ganuwar Legas. Ni ɗan cikin ganuwa, dariya ta so kama ni. Da na kalli Baba sai ta koma.

21/ Ya ciro hoton nan daga aljihu. Ashe ya ɓalle shi daga jikin bango ya taho da shi, ba wanda ya sani. Ya kalli hoton, ya kalli shingen. Ya tambayi wani mai gadi da Turancinsa na da, mai gadin ya ce shi tun da ya zo Legas haka ya ga wurin. Yaro ne, bai girme ni ba.

22/ Baba ya juyo gare ni: "Kai da ke ta latse-latsen waya, ka sani?" Na ce eh Baba. "Tun yaushe?" Na ce tun Lokoja. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ce, "To." Ya mayar da hoton aljihu. Wallahi "to" ɗin nan har yanzu ina jin ta.

23/ Baffa ne ya ce a wuce Lekki, akwai bakin teku a can. Sai da muka biya kuɗin shiga, kowa da kansa, kujera ma ta haya ce. Baba ya ce yau ga ranar da ake sayar da kallon ruwan Allah. Baffa ya riga shi ciro kuɗi. Na ga abin da ya rage a hannunsa bayan ya biya, ba shi da yawa.

24/ Sannan muka ga teku. Ban san yadda zan faɗa muku ba. Ni da iyakacin ruwana madatsar jami'a da kogin Galma. Wannan ba shi da ɗaya gefen. Igiya ta taso ta fi tsayina, ta faɗo, ƙasa ta girgiza, ta janye yashin ƙarƙashin ƙafarka. Auta ta ɗanɗana ta tofar. Umma ta tsaya nesa, iska na kaɗa hijabinta, tana ta subhanallah.

25/ Su Baba suka zauna kan kujeru biyu, ni ina ƙasa ina gadin takalma. Sun manta da ni, ko kuma ba su damu ba. Baba ne ya fara: "Me ya sa ba ka gaya min ba?" Baffa ya ce, "Yaya, yaushe rabon da in faɗi magana ka bari in kai ƙarshenta?"

26/ Shiru. Sai Baffa ya ci gaba. Ya ce shekara kusan arba'in yana garin nan, ko bulo ɗaya bai mallaka ba. Mai gida ya ƙara kuɗin haya, ya ba shi zuwa watan uku. Ya ce, "Ba ƙin gidan Inna nake ba. Kai kana kwana a cikinsa, ni hotonsa kawai nake da shi. In na faɗi yau, ina yaran nan za su?"

27/ Baba ya ce a ɗakin nan aka yanke musu cibiya su duka uku. Ya ce ya ga abin da ake yi wa gidajen unguwa: a saya, a rushe, a jera shaguna. "Ka ga yadda na tsaya ɗazu kamar baƙo? Haka kake so jikokinka su zo su tsaya a ƙofar gidanmu, mai gadi ya ce bai san mu ba?"

28/ Ni da na zo da hukuncina a aljihu, sai na rasa wa zan ba gaskiya. Shekara biyu ina cin tuwo a gidan da kashi biyu cikin biyar na Baffa ne, ko sisi ba ya samu, ina kiransa mai son kuɗi. Ban taɓa lissafa shi haka ba sai a kan yashin nan.

29/ Ba a rungumi juna ba, ba fim ba ne. Abin da aka tsayar: bayan ƙaramar Sallah Baffa zai zo, a kira Gwaggo, a kira malami da masu ƙiyasi a yi wa gidan kuɗi. Baba zai riƙa biyan Baffa rabonsa kaɗan-kaɗan. Daga ina kuɗin za su fito, da fanshon Baba? Shi ma bai sani ba. Ya ce zai fara da sayar da filinsa na hanyar Jos.

30/ Gwaggo kuma ba a ji ta bakinta ba tukuna, kuma duk wanda ya san Gwaggo ya san magana ba ta ƙare ba 😅 Ku sa mu a addu'a.

31/ Kafin mu tashi auta ta ce hoton fa? Suka miƙe, su biyu, teku a baya. Baba ya tsaya dama kamar a tsohon hoton, Baffa ya gyara masa hula. Ni na ɗauka. Ba zan sa shi a nan ba, na gida ne. Tsohon kuma Baba ya bar wa Baffa.

32/ Jiya da muka shigo ta Ƙofar Doka, hazo, ƙura, sanyi, na leƙa ina neman ganuwa. Kullum ina wuce ta ban taɓa dubawa ba. Wani wuri tudu ne kawai, wani wuri an ɗebe ƙasar, wani wuri gida ya hau kai. Mu ba teku ce ta ci tamu ba.

33/ Da safen nan na ba Baba haƙuri kan maganar taswira. Ya ce da na faɗa masa a Lokoja, da ba zai je ba, da kuma bai zauna da ƙanensa ba. Sannan ya ce amma kar in sake 😂 Yanzu haka ya aike ni nemo magini ya duba katangar gabas.

34/ Ku da ke da gidan gado a birni, Zariya ko Kano ko Katsina, ya kuka yi da naku? An sayar, an raba, ko ana nan ana gaisawa sama-sama? Musamman in akwai wanda ya biya 'yan uwa rabonsu a hankali, ku gaya min yadda aka tsara, zan karanta wa Baba. Allah ya jiƙan Hajiya, ya bar zumunci.