Daga Gazawa zuwa Jidda: ina nisan yake?

Makka tana gabas da ƙasar Maraɗi. Amma manomin Gazawa da ya yi niyyar aikin hajji, yamma yake fara dosa, domin galibin maniyyatan Nijar daga Yamai suke tashi.

Yakan shiga mota a bakin kwalta. Ya wuce Agiye, ya wuce Maraɗi, ya ratsa Gidan Rumji, sannan Birnin Ƙwanni da Doso. Kafin ya isa Yamai ya ci fiye da kilomita 700. Tafiyar takan wuce awa 10, ga zafi, ga gajiya.

A filin jirgin sama na Diori Hamani ake shiga jirgi. Daga Yamai zuwa Jidda, bakin Bahar Maliya, kilomita kusan 4,000 ne. Raƙumin da ke cin kilomita 40 a yini zai yi kwana 100 bai huta ba. Jirgi kuwa yana cin fiye da kilomita 800 a awa guda, yana tafe bisa gajimare. Cikin awa 5 zuwa 6 ya sauka. Ke nan zaman mota daga gida ya fi zaman jirgi tsawo. Daga Jidda zuwa Makka saura kamar kilomita 80.

Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijar da awa 2. In ƙarfe 12 ta yi a Agiye, a Makka ƙarfe 2 ne. Sai alhaji ya gyara agogonsa saboda lokutan salla.

Mutanen da ba su san wannan sauƙi ba. Da ƙafa suke tafiya, ko bisa jaki, su bi ta Cadi da Sudan. In guzuri ya ƙare, sai su tsaya su yi noma ko ƙwadago, su tara, su ci gaba. Wasu sun yi shekaru kafin su ga teku. Wasu sun rasu a hanya. Wasu kuma sun zauna can. Garin Mai Wurno na Sudan, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma har yau ana jin Hausa a can.

Jirgi ya rage kwanaki, amma bai rage nisa ba. Wanda ya sai da shanu ko gyaɗa ya biya kujera, to ya kula da sauran shiri. Ya yi allurar rigakafi. Tsoho ya ga likita, ya riƙe maganinsa a jikka. Hajji yana matsowa da kwana 11 kowace shekara. In ya faɗo da damina, a san wanda zai yi noma, a san wanda zai yi kiwo. A bar wa iyali hatsi cikin rumbu.

Allah ya kai maniyyata lafiya, ya maido su lafiya.