Allurar Naƙuda: Abin da Na Gani a Ɗakin Haihuwa

Na fara aikin ungozoma a farkon shekarun 2000, a babban asibitin wata ƙaramar hukuma da ke dab da iyakarmu da Nijar. Ɗakin haihuwarmu rufin kwano ne. Daga watan Maris har saukar damina, zafi kan haura digiri 40 da rana, da dare kuma bango ya riƙa amayo abin da ya sha. Wutar lantarki sai ta kwana biyu ba mu gan ta ba. A kusurwar ɗakin akwai durowar ƙarfe, a nan ake ajiye 'yan kwalaben da mata ke kira allurar naƙuda, mu kuma muke kira oksitosin. Zamana a wannan ɗaki ya koya mini cewa, bayan ikon Allah, abu biyu ke sa allurar nan ta ceci mace ko ta cuce ta: inda aka ajiye ta, da lokacin da aka yi ta.

Tun muna makaranta an zana mana asalinta a allo. Can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a bayan karan hanci, cikin wani ɗan gurbi na ƙashin kai, akwai ƙullutun nama mai suna fituwitari, nauyinsa kusan rabin giram. Ɓangare biyu gare shi. Na gaba shi ke haɗa sinadaransa da kansa, masu kula da girman jiki, da jinin al'ada, da samar da ruwan nono. Na baya kuwa ba ya haɗa komai, rumbu ne kawai. Gonar tana sama da shi, a wani sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus. Can ake samar da sinadarai biyu, oksitosin da basofiresin, su gangaro ta cikin jijiyoyi a adana su, sai buƙata ta taso a sake su cikin jini. Na haddace wannan na ci jarrabawa. Fahimtarsa kuwa sai da na tsaya a kan mace tana zubar da jini.

Wata ranar Afrilu bayan la'asar aka kawo ta, haihuwarta ta takwas. Ba ta ba mu wahala ba. Ta sauka lafiya, namiji, mabiyiya ta fito cif, na yi mata allura a cinya kamar yadda ƙa'ida ta ce. A waje har an fara barka da arziki. Ina gyara jaririn sai na ji ɗigar wani abu a siminti. Da na waiwaya, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe sharkaf. Na ɗora hannu a mararta na ji mahaifa ta saki, laushi tuɓus, alhali a wannan lokaci ya kamata a ji ta a dunƙule da tauri. Na ƙara mata allura ta biyu. Shiru. Na ƙwala wa babbar sistarmu kira, wadda kowa a asibitin yake ce wa Mama.

Mama ba ta tambayi komai ba sai da ta dafe marar da hannu ta shiga murzawa. “A sa mata ruwa hannu biyu. A cire mata fitsari. Allurar nan ta ina ce?”

“Ta durowa ce, Mama.”

Ta kwance wani mabuɗi daga bakin ɗankwalinta ta miƙa wa mai shara. “Ruga ɗakin rigakafi. Cikin firjin kananzir, can ƙasa, akwai kwali ɗaya da na ajiye.” Sannan ta dubi tsohuwar da ta rako mai haihuwar. “Inna, miƙo jaririn nan a sa mata a nono.”

“Haba Sista, ko wanke nonon ba a yi ba. Dakashi ne fa.”

“Ki yi haƙuri, Inna. Dakashin nan alheri ne ga ɗan, tsotson kuma yau magani ne ga uwar.”

Aka kawo kwalin da sanyinsa, aka yi mata. Mama ta kamo hannuna ta ɗora inda nata yake. Cikin 'yan mintoci na ji naman da ke ƙarƙashin tafina yana tattarowa, yana tauri, har ya dunƙule. Jinin ya ragu, ya koma ɗigo. Matar ta buɗe ido ta ce a ba ta ruwa.

Da dare muna shan iska a baranda Mama ta warware mini abin. Idan ciki ya tsufa, jinin da ke bi ta mahaifa ya haura rabin lita a minti guda. Da zarar mabiyiya ta ɓalle, sai ta bar hanyoyin jinin nan a buɗe, a wurin da allura da zare ba sa kaiwa. Abin da ke rufe su shi ne naman mahaifar kanta, idan ya matse. Mai ba shi umarnin matsewa kuwa shi ne oksitosin. Kan jariri in ya danno bakin mahaifa, saƙo ya hau ƙwaƙwalwa a saki sinadarin. Jariri in ya kama nono, a sake sakin sa, ya tunkuɗo ruwan nono, ya kuma ƙara matse mahaifa. Shi ya sa mai jego ke kukan mararta na murɗawa duk sa'ad da take shayarwa a kwanakin farko. Tun daga ranar, in mace ta kawo mini wannan kuka, nakan ce mata ta gode wa Allah, jikinta ne ke tsare mata jininta.

Ɗan'uwan oksitosin, wato basofiresin, shi ma ba zaune yake ba a wannan yamma. Shi ne ke hana ƙoda zubar da ruwa idan jiki ya buƙace shi, shi ya sa mai azumi a bazara ke ganin fitsarinsa ya ƙaranta ya yi duhu. Idan jini ya zuba da yawa, sai a sake shi ya tsuke hanyoyin jini, ya riƙe ɗan ruwan da ya rage. Daren nan mun kwana muna leƙa jakar fitsarin matar. Da asuba da muka ga ta fara taruwa, ruwan ya yi haske, Mama ta ce yanzu za a iya cewa barka.

To me ya hana allurar durowa aiki? Abin da ke cikin kwalbar nan daidai yake da wanda jikin mace ke yi. Henry Dale ne a Ingila ya lura a 1906 cewa ruwan da aka tatso daga ɓangaren baya na fituwitari yana sa mahaifa ta matse. Aka daɗe ana tatso shi daga na dabbobi, har Vincent du Vigneaud a Amurka ya gano tsarinsa ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1953, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1955. Ƙwayoyin amino asid tara ne kacal a jere, kuma zafi yana lalata su. Ana so a ajiye allurar a sanyin digiri 2 zuwa 8. Babbar matsalar ita ce lalatacciyar ba ta sauya kala. Ruwa ne fari tas, da mai rai da matacciya duk kamarsu ɗaya. Sau da yawa kuma in tamu ta ƙare, miji ake ba takarda ya tsallaka titi ya sayo a kyamis, inda take jere cikin gilashi rana na dukan ta. Shekaru bayan haka, wani binciken ingancin magunguna da aka yi tare da hukumar NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya samu kusan uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka gwada a Najeriya ba su cika ƙa'ida ba. Ban yi mamaki ba. Mun riga mun gani a hannunmu, lokacin da muke yi wa mace kwalba uku kafin mu sami aikin ɗaya.

Matacciyar allura kenan. Mai rai kuma, in ta faɗa hannun da bai san lokacinta ba, ta fi ta ɓarna. Ba na mance wata yarinya mai cikin fari da aka kawo mana cikin dare a bayan a-kori-kura, daga gidan iyayenta inda ta je goyon ciki. Ta wuni ta kwana tana naƙuda ba ta faɗa ba saboda kunya. Da aka gane, aka kira wani mai sayar da magani a ƙauyen, ya yi mata allurar naƙuda a cinya, ya ƙara, wai don abin ya zo da sauri. Uwarta ta ce mini: “Sista, ta yi ta ihu kamar ranta zai fita, can kuma sai ciwon ya ɗauke ɗif. Muka ce ko sauƙi ne ya zo.”

Ba sauƙi ba ne. Na shafa cikin na ji gaɓoɓin jariri kusa da fata, inda bai kamata a ji su ba. Ƙugunta ya yi wa kan ɗan kaɗan, hanya a toshe, allura kuma ta tilasta wa mahaifa turawa har ta yage. Likita ya shiga da ita tiyata da hasken fitila da ƙarar janareta, 'yan'uwanta biyu suka ba da jini. An ceto ranta, ɗan ya riga ya koma, mahaifar kuma dole aka cire. Yarinyar da ba ta kai shekara ashirin ba, an rufe mata haihuwa har abada. Sauri ya haifi nawa.

Jikin mace ba ya sakin oksitosin gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan yake saki, naƙuda ta taso ta lafa, a tsakani jariri ya sami jini da iska, naman mahaifa ya huta. Ko a asibiti, in likita ya ga dalilin ƙara wa naƙuda ƙarfi, cikin ledar ruwa ake zuba shi, ana ƙirga ɗigo, ana sauraren bugun zuciyar jariri, da zarar an ga alamar damuwa a rufe. Wadda aka soka a cinya kuwa ta shiga kenan, babu mai iya janyo ta.

Akwai kuma waɗanda suka tsira daga zubar jinin amma bai bar su haka ba. Wata mata ta zo mana bayan watanni da haihuwa a gida, inda ta zubar da jini har ta suma. Nononta bai taɓa kawowa ba, da madarar gwangwani da kunu ake rainon 'yar. Kullum a gajiye, tana jin sanyi ana tsakar zafi, gashin hammatarta ya zube. An sha kunun kanwa, an yi turare, an sha rubutu, har an fara nuna kishiyarta da yatsa. Likitanmu ya saurari labarin ya ce ciwon a kai yake. Fituwitari yakan ƙara girma a lokacin goyon ciki, don haka in jini ya yi ƙasa ƙwarai, ɓangarensa na gaba na iya mutuwa. Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937, ake kuma kiran ciwon da sunansa. Aka tura ta asibitin koyarwa, aka ɗora ta a kan ƙwayoyin da za ta riƙa sha muddin rai. Da ta dawo ganin likita, da ƙafarta ta shigo tana fara'a. Mijin ya tuna kishiyar da aka zarga, ya sunkuyar da kai ya ce: “Malama, ashe mun ɗauki alhakin baiwar Allah.” Da an tsayar da jinin a ranar haihuwa, da duk wannan bai taso ba.

Na ga sauyi kafin in bar ɗakin haihuwa, na kuma ci gaba da bibiya bayan nan. A 2006 Najeriya ta amince da ƙwayar misofurostol don tsayar da jinin haihuwa, wadda ba ta buƙatar firji. Firjin sola ya fara shiga asibitocin karkara. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kabetosin, wani ɗan'uwan oksitosin mai jure zafi, bayan gwajin da aka yi a ƙasashe 10 har da Najeriya. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororinsa. Leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a daina kintacen jini da ido. Da ya kai mizanin haɗari, wajen rabin lita, sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin, maganin da ke hana jini tsinkewa, ƙarin ruwa, da duba ko akwai yagewa. Matsanancin zubar jini da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Mafi yawan matakan nan Mama tana yin su da hannunta. Abin da ta rasa shi ne ma'auni da isasshen sanyi.

Yau ɗalibai kan zo gaishe ni, nakan kuma ce musu kada su karɓi kwalbar oksitosin ba su tambayi inda ta kwana ba. Masu riƙe da asibitoci su sani firjin ɗakin haihuwa ba kayan alatu ba ne, daidai yake da jakar jini. Iyaye mata da mazaje kuwa roƙona gare su ɗaya ne. Duk wanda ya zo gida da sirinji zai yi wa mai naƙuda allura tun ɗa yana ciki, a hana shi, ko wane ne. In naƙuda ta wuni ko ta kwana, mota za a nema. In kuma an sauka, a sa jariri a nono nan take, a sa ido kan zanin uwar kafin a fita rabon goro, domin sa'o'in farko bayan haihuwa su ne suka fi cin mata.