A goge littafin kafin a kai shi awo?

Wata Asabar da dare ina gyaran takardun ɗalibaina a nan Maraɗi, sai ƙanena ya kira ni ta WhatsApp daga Greensboro, garin nan na Amurka inda ƴan Nijar suke da yawa. Muna gama gaisawa ya ce, "Yaya, shawara nake nema. Guga zan kai, amma hankalina bai kwanta ba." Na ɗauka tufafi yake nufi. Ashe littafi za a goge.

Wani maƙwabcinsa ne zai tashi, ya sayar masa da kwali guda na tsofaffin littattafan labarin zane, irin waɗanda yaranmu ke kira BD. Ya saye su ne don ɗansa mai shekara 11 ya rage zama da waya. A ciki aka tsinci The Amazing Spider-Man lamba 300, fitowar 1988, zanen Todd McFarlane, wanda masu tara irin waɗannan littattafai ke nema ruwa a jallo.

A can abin kasuwa ce babba. Akwai kamfanin CGC a Sarasota, jihar Florida, wanda tun shekarar 2000 yake karɓar littafi, ya duba shi, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe shi cikin gidan roba mai tauri, makin na manne a sama. Makin nan ke yanke farashi. A 2024 an sayar da Action Comics lamba 1 na 1938, inda Superman ya fara fitowa, kan dalar Amurka miliyan 6, wato sama da miliyar 3 na Sefa, alhali kwabo 10 aka sayar da shi ran da ya fito. Na ƙanena bai kama ƙafar wannan ba. Amma ko a nasa, tsakanin 9.4 da 9.8 kuɗin kan ninka, har ya wuce. Ni da nake ba da maki bisa 20, ina jayayya da yara kan rabin maki, sai na ji abin bai yi mini nisa ba.

Gugar kuwa haka take: a ɗan sa wa littafin danshi, a shimfiɗa shi tsakanin takardu masu santsi, a danne shi da na'ura mai zafi daidai gwargwado, a bar shi ya huce a danne. Lanƙwasa ta miƙe, sawun yatsa ya ɓace, ƙashin bayan da ya karkace ya koma wurinsa. Ba a ƙara tawada, ba a sa gam. Shi ya sa kamfanin bai lissafa ta cikin gyara ba. Littafin da aka taɓa wa fenti ko aka yi wa faci tambari ruwan shunayya ake manna masa, darajarsa ta faɗi. Wanda aka goge kawai shuɗin tambari yake samu, kamar wanda hannu bai taɓa ba.

Nan ne ƙanena ya tsaya. "Yaya, mai saye ba zai san an goge ba. Wannan ba algus ba ne?"

Kafin in ba shi amsa sai da na yi dariya, don ni ma na taɓa goge littafi. Muna aji biyar mushe ya ba ni aron mujallar Kouakou ta aji. Na cusa ta cikin jaka tare da ƙuli-ƙuli, ta fito a yamutse. Tsoron bulala ya sa na ɗauki dutsen guga na gawayi na ɗora a kan bangon. Ta miƙe kam, sai dai fuskar yaron da ke bango ta koma ruwan ƙasa, takardar kuma ta yi ƙamas tana karyewa. Na sha bulalar, har da ƙari. Tun ranar na san takarda ba riga ba ce. Haɗarin yana nan ko da na'urar zamani: zafi ya yi yawa sheƙin bango ya mutu, ƴan wayoyin da suka ɗinke littafin su yaga takarda, ko kuma a yi aikin gaggawa, bayan wani lokaci lanƙwasar ta dawo alhali littafin na rufe cikin roba.

Na ce masa ya karkata bangon a gaban fitila. In lanƙwasar ta bar farin layi, launi ya riga ya karye, guga ba za ta mai da shi ba, kuɗinsa kawai zai zubar, ga na awo ga na aikawa. In ba farin layi, akwai riba. Daidai da bitar da muke yi mako biyu kafin BEPC: tana ɗaga yaron da ya san karatu ya rikice, wanda bai sani ba kuwa sai dai mu gaji tare. Ya duba, ya ce lanƙwasa biyu ce a kusurwa, babu fari ko ɗaya.

Batun algus kuma, ra'ayina shi ne ba algus ba ne, tun da ba a cusa wa littafin abin da ba nasa ba. Mai sayar da shadda a kasuwa ma ba ya shimfiɗa ta a yamutse. Amma su kansu masu tarawar sun daɗe suna gardama a kai, kuma akwai waɗanda suka fi son wanda bai taɓa shiga na'ura ba. Tun da akwai mai sayen da abin ya dama, ɓoye masa shi ne laifin. Na ce, "Ka kai wa ƙwararre, kada ka gwada da hannunka. Ran da za ka sayar, ka rubuta cewa an goge. In farashi ya ragu saboda haka, wannan ragin dama ba rabonka ba ne." Ya yi shiru, sannan ya ce wasu ba sa faɗa. Na ce na sani.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Da zarar an rufe littafi cikin robar nan, karatu ya ƙare: in ka fasa, makin ya tashi. An sayi kwali don yaro ya yi karatu, ga shi littafin da ya fi kowane kyau an ɗauke an ɓoye a saman kabad, an ce kada ya taɓa. Mu a nan ɗalibai uku ko huɗu ke haɗa kai kan littafi guda har bangonsa ya rabu da shi. Ban ce ƙanena ya bar kuɗin ba, yana da haya, yana aiko wa Inna kowane wata. Na dai roƙe shi abu ɗaya: kafin guga, a bar yaron ya karanta. Sawun yatsansa ai guga za ta ɗauke.

Washegari ya turo mini hoto. Yaron ya wanke hannu, an shimfiɗa tawul a kan tebur, uban na tsaye a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Cikin minti ashirin ya gama, ya tambaya ko akwai lamba 301 a kwalin. Babu. Littafin yanzu yana wurin mai guga, an ce a jira makonni.