Fitilu a Kan Ruwan Shagari

Ɗaurin aure ne ya fitar da ni daga Katsina a tsakiyar Janairu, amma ba shi zan ba da labari ba, domin ɗaurin aure ko'ina ɗaya ne: goro, alewa, Fatiha, kowa ya kama gabansa. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne wani su da na ga ana yi da fitila a madatsar ruwa ta Shagari, cikin daren da ɗari ya hana ko akuya leƙowa waje.

Direba ya ƙi bin Jibiya saboda rashin tsaro, muka zagaya ta Funtuwa da Gusau da Talata Mafara. Daga Sakkwato na sake mota, muka wuce filin jirgin sama, na sauka Boɗinga bayan magariba. Gidan biki ya cika da baƙi, sai aka nuna mini wani masauki a bakin hanya. Allah Ya kiyaye ku da irinsa. Gilashin taga a fashe, an toshe da kwali, iska tana shigowa da ƙura har kan matashi. Na nemi ruwan zafi, yaron wurin ya ce itace ya ƙare. Da aka kashe janareta kuma kuɗin cizo suka fito aiki. A Katsina ko ɗan dako ka saukar, sai ka kai masa garwashi a kasko da bargo mai kauri kafin ka kwanta. Nan kuwa kuɗi na biya aka bar ni da sanyi.

Garin kansa bai yi mini laifi ba. A Boɗinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma Sifawa, inda Shehu Usmanu ya yi zamansa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana nan kusa. Bayan an shafa Fatiha na hau babur na je na yi ziyara. A hanyar dawowa ne wani abokin ango, malamin makaranta, ya ji ina ƙorafin masauki, ya ce in biyo shi Shagari in kwana gidan kawunsa, in ga garin tsohon shugaban ƙasa. Ban jira ya maimaita ba.

Shagari tana kan babbar hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega. Gari ne marar hayaniya, wanda ba za ka ce ya fitar da mutumin da ya mulki Nijeriya daga 1979 har aka kifar da gwamnatinsa a ƙarshen 1983 ba. A nan aka rufe Alhaji Shehu Shagari da ya rasu a Disambar 2018. Kawun malamin dattijo ne Bakabe, Basarke gaba da baya, wanda ya gaji su daga kakanninsa na ƙasar Argungu. Yana jin daga inda na fito ya tafa hannu.

"Bakatsine na? Yau Allah Ya kawo min bawana har gida! Ku da kunka kihe muna gwamnati, da wace huska kaz zo Shagari?"

Na ce, "Baba, mutumin Daura ne ya yi, ni ɗan birni ne. Kuma ubangida na zo duba bayina."

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Kabawa, don haka aka yi dariya aka shimfiɗa mini tabarma kusa da wuta. Aka kawo hoce da miyar kifi mai yaji, sai fura. Furarsu ba ta kai tamu laushi ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa, amma miyar ba ni da ta cewa.

Bayan isha'i na ga yaransa suna ɗaura batir a bayan babur, da ƙwayayen fitila da aka naɗe a tsumma. Na tambaya, dattijon ya ce ruwa za su. A wannan ɗarin? Ya ce ai ɗarin ne dalili. Idan hunturu ya kankama kifi yakan yi ƙasa, ya rage cin abinci, mai birgi ya wuni yana jifa bai haɗa na cefane ba. Ga shi kuma wata ya yi nisa, ba zai fito ba sai gab da asuba, irin daren da suke jira ke nan, domin farin wata yana raba hankalin kifi. Na ce sai an tafi da ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya sa aka ƙaro mini wata tsohuwar rigar sanyi da rawani.

Madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke riƙe da Goronyo da Bakolori, da namu na Zobe da Jibiya. Da muka isa na ga kwale-kwalensu sai gabana ya faɗi, don ban manta da jirgin da ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari a 2022 ba, kuma babu rigar kariya ko ɗaya a cikinsa. Dattijon ya lura. "Zamna tsaka, Malam, kak ka motsa. Ruwa ba ya cin wanda yaj ji magana."

Ba mu yi nisa ba suka ɗaure jirgin a jikin wani kututture da ruwa ya shanye. Aka miƙa gora biyu, dama da hagu, kowace da ƙwan fitila a bakinta yana reto kamu ɗaya daga fuskar ruwa. Ƙarƙashin ta dama suka nutsar da koma mai faɗi da aka ɗaure a ƙarfe zagayayye. Aka haɗa waya da batir, haske ya sauka, sai kowa ya yi tsit. An hana ni tari, an hana ni buga ƙafa a katako.

Da fari ba komai sai ruwa kore-kore. Can sai wasu 'yan ƙwayoyi farare suka fara taruwa, ƙanana ƙwarai, sai ka ƙura ido kake ganin suna motsi. Bayansu 'yan kawara suka iso, ɗaya, biyar, sannan ba adadi, suna juyawa ƙarƙashin hasken kamar ana dama fura a ƙwarya. Dattijon ya matso kusa da kunnena. "Hitila ba ta kama kihi. Abinci taka kira, abinci shi ka kiran kihi. Babba kuwa ba ya shiga haske, bakin duhu shika tsayawa."

Nan na ga gwaninta. Ya sa aka kashe fitilar hagu, kifin da ke can duk suka dawo dama suka cunkushe. Yara biyu suka ɗago komar a hankali, ba gaggawa, sai da ta kusa fitowa suka fizge. Kawara ta zube cikin jirgi tana tsalle a kan ƙafafuna. Ya tsinci masu rai ya soka a ƙugiyoyi, ya jefa daidai inda haske ya ƙare. A nan tarwaɗa take kwanto, kuma a nan aka ciro manyan da muka samu a daren, da ƙurungu masu ƙara idan an taɓa su. Yatsuna sun ƙage har na kasa riƙe kofin shayin da suka zo da shi a fulas, shi kuwa yana tsoma hannu a ruwa yana cewa ai ruwan ya fi iska ɗumi. Na gwada, gaskiyarsa.

A Yawuri ya koyi dabarar, in ji shi, wurin masu kamun warangi a tafkin Kainji, tun ana yi da fitilar kananzir. Yanzu batir ne, rana ke cika shi a kan rufin ɗaki. Malamin makaranta ya ƙara da cewa haka ake yi a tafkin Tanganyika da na Kariba, kuma a Amurka ma masu fatsa suna nutsar da koriyar fitila cikin sanyi don wani kifi da suke kira crappie, sai dai su nishaɗi ke fitar da su. Dattijon ya ce wanda ya ƙoshi ne ke shan sanyi don nishaɗi.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai: samarin da ke ɗinke gidan sauro su mai da shi taru, su kwashe har 'ya'yan karfasa da ba su kai farce ba. Ya ce fitila a hannun irin waɗannan masifa ce, gara Sarkin Ruwa ya tsawatar tun da wuri. Komarsa mai manyan idanu ce, kuma na ga da idona yana mayar da ƙanana ruwa. Ni ma ina da nawa ƙorafin. Batir da ƙwan fitila akwai su a kowace kasuwa, amma sanin inda za a ɗaure jirgi da lokacin da za a kashe fitila ɗaya yana kan tsofaffi irinsa, kuma ban ji ya ce wani jami'i ya taɓa zama ya tambaye shi ba.

Mun fito kafin kiran assalatu. Da hantsi mata masu suya suka zo da robobinsu, aka yi ciniki a ƙofar gida. Ya ƙulle mini banda a takardar siminti, na ciro kuɗi, ya ce in mayar, ba a karɓar kuɗin bawa. Na ce ubangida dai. Na sami motar Sakkwato a bakin hanya, daga can ta Gusau, na yi barci har Funtuwa. Bandar kuwa maƙwabta suka cinye rabi, kuma har yau ana tambayata yaushe zan koma.