Jirgi biyu, ruwa ɗaya: daga Yapei Queen zuwa Dodi Princess

Duk wanda ya yi fataucin doya ko bandar kifi tsakanin Accra da arewa a shekarun baya ya san Yapei Queen. Shi ne jirgin ruwan da kamfanin sufurin tafkin Volta ke turawa sau ɗaya a mako: ya tashi daga Akosombo ranar Litinin da yamma, ya tsaya Kete Krachi da wasu ƙananan mashigai, ya sauke mutane a Yeji. Tafiyar kwana ɗaya da wuni ce, wani lokaci ta kai kwana biyu, gwargwadon yawan kayan da za a loda ko a sauke a hanya. Na yi shekara goma sha ɗaya ina hawansa daga Nima, ni da wasu abokan sana'a daga Maamobi.

A Akosombon nan akwai wani jirgin kuma, Dodi Princess, wanda ba ruwansa da doya ko akuya. Aikinsa ya kwashi mutane da hantsi ranar Asabar da Lahadi da ranakun hutu, ya kai su tsibirin Dodi, ya dawo da su da la'asar. Na farkon ya ƙone a 2012, bayan wasu shekaru aka kawo na biyu. Mu 'yan kasuwa a da dariya muke yi wa masu hawansa: mutum ya biya kuɗi a kai shi inda babu kasuwa, a dawo da shi hannu Rabbana!

To, zamani ya juya. Yanzu doyata a mota take zuwa, ta Atebubu da Ejura da Kumasi. Ciniki a waya muke yi, kuɗi ma ta waya nake turawa. Na daɗe rabona da ruwa. Bana bayan Babbar Sallah babban ɗana ya saya mana tikitin Dodi Princess, mu takwas: ni da Hajiya, 'ya'ya mata biyu, shi kansa, da jikoki uku. Na rubuta wannan ne domin na san akwai magidanta da yawa a zango da 'ya'yansu za su yi musu irin wannan kyauta. Ruwan ɗaya ne, amma dokar gidan ba ɗaya ba ce, kuma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Hanyar dai ba ta canza ba. Daga Nima zuwa Akosombo kusan kilomita 100 ne, ta babban titin Tema, ka bi Afienya, ka wuce duwatsun Shai, ka ratsa Kpong. A Atimpoku, gindin gadar Adomi, matan nan na nan yadda na bar su, suna rugowa bakin taga da abolo da jatan lande da soyayyun ƙananan kifin nan da ba sa ƙirguwa. Nan na fara ganin bambanci. Hannuna ya tafi aljihu don in yi guzuri kamar yadda na saba, sai ɗana ya ce, “Baba, abinci yana cikin kuɗin tikiti.” Na dai sayi abolo ƙulli biyu saboda yara.

A Yapei Queen, cikinka a wuyanka yake. Tun ranar Lahadi Hajiya take haɗa mini kaya: gari da sukari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, shito a kwalba, dokunu guda shida a ganyensa, burodi da ganyen shayi. Sai buta da tabarma da bargo, don sanyin asuba a kan ruwa ba ya wasa. Akwai ɗan kicin a jirgin inda ake sayar da shinkafa da banku da shayi da ƙwai, kuma duk inda aka tsaya mata na kawo soyayyar doya da kifi mai zafi. Akwai 'yan ɗakunan kwana ga masu hali, amma yawancinmu a benci muke, ko mu shimfiɗa tabarma kusa da akwatunan katakon da ake zuba doya.

Babu ƙararrawar cin abinci, babu kuma mai cin nasa shi kaɗai. Ka kwance ƙullinka, dole ka ce wa na kusa da kai bismilla. Wannan ya miƙo kilishi, waccan 'yar Asante ta miƙo barkono da albasa, manomin Konkomba ya ce gobe in an isa zai nuna maka wanda ke da pona mai kyau. Da Hausa da Twi ake yin komai, kowa da irin tasa karyayyar. A bakin kwano na koyi yawancin abin da na sani a wannan sana'a: nawa ƙwaryar doya take a gona, wace unguwa ce laribako ta fi kyau, wane dillali ne ba a ba shi kuɗi sai an ga kaya. Wani dattijo da muka ci gari tare a dare ɗaya, shi ya haɗa ni da mutumin da na yi shekara tara ina sayen banda a hannunsa.

A Dodi Princess kuwa, ba ka kwance komai. Kowane iyali da teburinsa. In lokaci ya yi sai a buɗe manyan tasoshi a jere, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi: jalof, soyayyar shinkafa, banku, gasasshiyar karfasa, kaza, ganye. Abinci mai kyau, a tsabtace, ma'aikata da fara'a. Abu uku ne sai da na daidaita kaina da su. Na farko lokaci: ba sa'ad da ka ji yunwa za ka ci ba, sai sa'ad da aka buɗe, kuma yaro bai san wannan doka ba, don haka abolon Atimpoku ya yi mana rana. Na biyu nama: ɗabi'ata ce a duk inda ban ga yanka da idona ba, kifi nake ci, kuma a kan tafkin Volta wanda ya zaɓi kifi bai yi asara ba. Na uku wurin zama: akwai kantar abin sha, ana sayar da lemo da ruwa, ana kuma sayar da abin da mu ba ma sha. Muka nemi tebur can gefe inda iska ke kaɗawa, kowa ya yi harkarsa cikin mutunci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, har muka gama ban ce wa kowa bismilla ba in ban da iyalina, kuma ba wanda ya ce mini. Ba rowa ba ce. Abin da ke farantina shi ke farantin maƙwabcina, to me zan miƙa masa? A tsohon jirgi rashi ne ke haɗa mu, kowa na da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. A nan kowa ya ƙoshi, kowa kuma ya sauka bai san sunan na kusa da shi ba.

Haka batun nishaɗi. A Yapei Queen mu ne 'yan kallo, mu ne 'yan wasa. Ana buga ludo da dara har dare ya raba. Mai rediyo ya kamo Sashen Hausa na BBC, mutum goma su kewaye shi, bayan labarai a yi awa guda ana gardama. Wani ya sa kaset ɗin wa'azi, wani ya ce a rage murya yara na barci. In an kashe hira sai ka ji injin kawai, ka ga fitilun masunta can nesa kamar taurarin da suka faɗo ruwa. Da gari ya waye kuma ka ga busassun itatuwa tsaitsaye a cikin tafkin, ragowar dajin da ruwa ya cinye. Su ne ke fasa kwale-kwale in an cika masa kaya, shi ya sa mai hankali ba ya raina rigar ceto.

A Dodi Princess an riga an shirya maka nishaɗin. Makaɗa na nan da ganguna da jita da ƙaho, suna kiɗan hailaif tun kafin a kwance igiya. Mai riƙe da makirfo yana kiran masu murnar ranar haihuwa, ana tafi, ana rawa, kowa waya a sama yana ɗaukar hoto. Hajiya ta dube ni ta ce, “Alhaji, wannan ai gidan biki ne aka ɗora a kan ruwa.” Ban musa ba. Jikokina sun ji daɗi ƙwarai, 'ya'yana mata ma na ga ƙafafunsu na motsi a ƙarƙashin tebur. Ni dai kunnena ya fi sabawa da injin, sai na koma can ƙarshen jirgi inda sautin ya ragu, na tsaya ina kallon duwatsun da suka matse ruwan kafin ya buɗe ya zama kamar teku.

Salla ma da nata tsarin. A tsohon jirgi muna da yawa, wani ya yi kiran salla a hankali, a ture buhuna a yi sahu, matuƙan ma sun saba da mu. A nan mu kaɗan ne, kuma jirgi na juyawa, alƙibla na juyawa da shi. Muka jira aka isa tsibiri, inda yara ke tarbar baƙi da kiɗa da rawa, muka sami inuwa a gefe muka yi azahar a ƙasa mai tsayuwa. Daga nan alƙibla gabas take, ta ɗan karkata arewa. Duk wanda zai je, ya riƙe alwalarsa ko ya tafi da 'yar buta, ya kuma sa darduma a jaka.

A hanyar dawowa ne babban jikana, ɗan shekara goma sha biyu, ya same ni a bayan jirgi. Ya ce, “Kaka, wai nan ne kake bi da? Ina kasuwar take?” Na nuna masa arewa na ce tana can, tafiyar kwana guda da wuni. Sai na gane yaron nan, haifaffen Nima, mai jin Hausa da Twi da Ga da Turanci, bai san komai game da ruwan da yake kai ba. A wurinsa wurin hutu ne kawai.

Na zaunar da shi na gaya masa. Wannan ba kogin Allah ba ne yadda yake ganinsa, mutum ne ya tare shi. An gama madatsar Akosombo a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, ruwa ya taru ya rufe ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum wajen 80,000 aka tasa daga garuruwansu, aka zaunar da su a sabbin matsugunai 52. Wutar da ke kunna fankarmu a Nima, da yawanta daga nan take fitowa, kuma akwai waɗanda suka biya ta da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Cikin garuruwan da ruwa ya ci har da tsohon Kete, zangon Hausawa a Krachi. Na gaya masa yadda kakanninmu suka riƙa tahowa daga Kano da Katsina da jakuna, fataucin Gwanja, suna kawo kanwa da tufafi da fata, suna komawa da goro daga Salaga. Na gaya masa yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, wasu suka gangaro Kete, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, ya rasu a 1934. Daga irin waɗannan zangunan ne aka yi ta gangarowa kudu har aka cika Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara.

Kafin in gama, ƙannensa biyu sun zo, uwarsu ma ta zo ta tsaya. Wani mutum da ke jingine kusa da mu, Bakrobo ne ma'aikacin gwamnati, ya matso ya ce da Hausar bariki, garin kakarsa ma yana ƙarƙashin ruwan nan. Muka yi hira har jirgi ya ɗaure. Shi kaɗai ne baƙon da na san sunansa a ranar, kuma ba a bakin abinci muka haɗu ba.

Ga shawarata ga 'yan'uwa masu niyyar zuwa. Ku tabbatar da rana da lokacin tashi kafin ku bar gida, ku kuma kama hanya da sassafe, don cunkoson Tema da Ashaiman ba ya jin roƙo, jirgi kuma ba trotro ba ne da zai jira ya cika. Ku tambaya me tikiti ya ƙunsa, da ko an yarda a shiga da abincin yara. Ku duba inda rigunan ceto suke tun kafin a tashi, ku nuna wa yara. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganinsa da ɗan abin taɓawa, tunda lokacin abinci ba a hannunsa yake ba. Wanda kiɗa ke damunsa ya zaɓi wurin zama da wuri. Kuɗin ba kaɗan ba ne, tikitin mutum takwas ya isa cefanen gida na kwanaki masu yawa, don haka kada a ci bashi saboda shi. Amma in Allah ya hore, a je. Matanmu sun yi shekaru suna ɗaure mana guzurin tafiyar da ba su taɓa gani ba. Hajiya ta haɗa mini kayan wannan ruwa fiye da sau ɗari, ranar ce ta fara ganinsa da idonta.

Sai kuma wannan, musamman ga dattawa irina: abinci da kiɗa an riga an biya, za a kawo muku har tebur. Labarin wurin ne ba ya cikin tikiti, kuma in ba ku faɗa ba, ba mai faɗa wa jikokinku.

Na yi wa yaran alkawari, in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, za mu hau mota zuwa Yeji su ga kasuwar kifi, mu shiga jirgin fito mu haye Makango, mu ƙarasa Salaga su ga rijiyoyin da ayari ke sha. Wannan karon kowa zai ɗauki ƙullin garinsa. Allah ya jiƙan fataken da suka riga mu, ya kuma kiyaye waɗanda ke kan hanya, ta ruwa da ta tudu.